Rubutun da Labaran Ya Yi wa Innarsa

Malam Labaran ya koyar da lissafi a Birnin Gwari har furfura ta cinye masa kai, amma ko da wasa ba ya son a kira shi masani. Abin ya samo asali ne tun zamanin Turawa, lokacin da yake kwaleji a Zariya.

Wani hutun damina ya koma ƙauyensu Kuyello da aikin gida na kalkulas, wani reshen lissafi mai wuya. Tambaya ɗaya ta tsaya masa a wuya: a nemo faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layin logaridim. Kullum yana gindin ɗorawa, ya rubuta, ya soke, ya ciji fensir. Mutumin da duk ƙauye ke nunawa da baki, ga shi layi ɗaya ya kayar da shi.

Innarsa Azumi kuwa tari ya hana ta sakat, ko rubutun shan Modibbo, malamin ƙauyen, bai yi mata ba. Tana ganin alamomin nan masu ƙugiya a takardarsa, sai ta ɗauka wani babban ilimi ne na asiri. Ran nan da hantsi ta miƙo masa allo da tawada.

"Auta, rubuta mini irin naka in sha. Na Modibbo bai karɓe ni ba."

Ya buɗe baki zai ce lissafi ne kawai, sai ya ga yadda take kallonsa. Ya kasa. Ya kwafe tambayar nan da ta gagare shi a kan allon, ta wanke, ta yi bismilla, ta shanye. Kunya ta hana shi cin tuwo ranar.

Abin haushi, sai tarin ya lafa. Azumi kuwa ba ta iya riƙe daɗi a ciki, sai ta baza labari. Ba a jima ba maƙwabciyarsu Saude ta shigo da jaririyarta, jiki zafi rau, ga allo a hannu.

Nan kam ƙarya ta ƙare. Labaran ya sunkuyar da kai.

"Inna, ba addu'a ba ce. Lissafin makaranta ne. Shi ɗin ma ban iya ba."

Ya jira faɗa, har yana fatan a yi masa. Azumi ba ta ko dube shi ba. Ta karɓi jaririyar ta goya da kanta.

"Taso mu je wurin Modibbo, Saude," in ji ta. "Yaron nan tawali'u ya yi masa yawa, ba ya son a san yana da sani."