Firigon Jirgin Malam

A shekarar da autarmu ta gama jami'a ne maigidana Malam ya sayi jirgin ruwa. Ba sabo ba ne. Wani tsohon Bature ne ya gaji da shi, ya sallama masa har da tirelar da ake jan sa a kai. Gidanmu na unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa, ba shi da fili, ɗaliban da ke maƙwabtaka da mu ma da kyar suke samun inda za su jingine kekunansu. Sai aka ja shi zuwa McLeansville, aka ajiye a bayan gidan wani Alhaji mutumin Maraɗi, abokin wasan Malam. Nan ya zauna cikin ciyawa, hancinsa na kallon gonar masara.

Akwai ɗan ɗaki a cikinsa, sai mutum ya sunkuya yake shiga. Gado a gefe, murhu ƙarami, da firigo na sanyaya ruwa da aka kafa cikin katako a ƙarƙashin kanta. Ko'ina warin tsohon ruwa. Ni ban so warin ba, amma na ga Malam ya lumshe ido yana shaƙa.

Malam ɗan masunta ne, daga bakin kogi wajen Gaya. Ranar da na fara ganinsa yana tsaye a ƙarshen kwalekwale, ya naɗe wando, yana tura gora cikin ruwa kamar ba ya yin komai. Fasinja na ta salati saboda igiyar ruwa, shi kuwa dariya yake. Auta kuwa a nan ƙasar Turawa aka haife ta. Uban da ta sani shi ne mai ɗaura ɗamarar baya ya tafi sito ɗaukar kwalaye, ya dawo ya yi barci a kujera takalmi na ƙafarsa. Ta samu aiki a wata jiha mai nisa can yamma, za ta tafi idan lokacin zafi ya ƙare. Abu ɗaya nake so kafin nan: ta ga ubanta a kan ruwa.

Injin yana tashi, an gwada. Firigon ne ya mutu. Idan aka haɗa shi da batir sai ya yi ɗan gurnani, ya yi shiru.

Na ce, "Malam, mu zuba ƙanƙara a kula mu tafi mana."

Ya ce, "Haba Hajiya. In ɗauki mutane a jirgina in ba su ruwa daga kula, kamar ƴan cirani? Bari a gyara."

Na ƙyale shi, don na san shi. Duk Asabar muke tafiya, ni da shi da Auta in ta samu sarari. Na kan shimfiɗa tabarma a inuwar jirgin ina gyaran wake, shi yana ciki kwance a gefe da tocila a baki. Ya canza waya, ya canza fis, ya kwance ɗan fankan baya ya wanke. Alhaji kan fito da butar shayi ya tsaya yana kallo.

"Sarkin Ruwa, yau ma a tudu za a kwana? Kajina sun fara tambayar ko na haya ne, su tare."

"Kai da ruwan da ka sani duk na rijiya ne, me ka sani a jirgi?"

"Na san dai ba a ciyawa yake tafiya ba!"

Daga baya aka kira mai gyaran firigo, ya duba, ya ce zuciyar abin ce ta ƙone, sai dai sabo. Ya zuƙe iskar da ke ciki ya tafi. Da aka zo fitar da tsohon kuma sai ya ƙi fita. Ashe tun kafin a rufa ɗakin aka sa shi, ƙofar ba ta kai faɗinsa ba. Aka cire murfinsa, aka karkata, aka juya, ina! Alhaji ya ce a yanke katakon ƙofar. Malam ya dube shi kamar ya ce a yanke masa yatsa. A ƙarshe firigon aka yanka da zarto, aka fito da shi gunduwa-gunduwa kamar naman layya.

Sai maganar sabo. Auta ce mai sayen kaya ta waya, ta ce a ba ta awo. Malam bai taɓa yarda da tef ba. Ubansa da hannu yake auna katakon kwalekwale, shi ma haka. Ya durƙusa gaban ramin, ya aza gwiwar hannu a ƙasa ya miƙe yatsu, ya ce tsawo kamu ɗaya da ɗani, faɗi kamu ɗaya. Ina nan na ji yana gaya mata. Ta amsa da Turanci ta ce ta gane. Abin da ban gani ba shi ne da muka koma gida ta ɗauko tef ɗin ɗinkina, ta auna nata hannun, ta rubuta. Hannun Auta kuwa irin nawa ne, gajere.

Da firigon ya iso ya wuce ƙofar ɗakin salin-alin, ko gogar katako bai yi ba. Muka yi murna. Da aka tura shi cikin ramin sai ga shi tsuru a tsakiya kamar yaro cikin rigar ubansa, sarari ta sama, sarari ta gefe. Malam ya daɗe yana kallo. Sannan ya kamo hannun Auta, ya jera da nasa, gwiwa da gwiwa. Yatsunta ko wuyan hannunsa ba su wuce sosai ba.

"Da wannan kika auna?"

Ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Baba, kai ka ce hannu."

Alhaji ya yi dariya har ya zauna a matakala. Malam ma ya yi, ita ma. Bai saki hannun da wuri ba. Rabon da in ga sun tsaya kusa da juna haka, tun tana ƴar firamare.

Aka haɗa waya, firigon ya ɗauka, kafin la'asar gorar ruwan da na sa ta yi raɓa. Na ce to, alhamdu lillahi, Asabar mai zuwa sai tafki. Malam ya ce a'a. Idan jirgi ya yi tangaɗi firigon zai zame, sai an cike sararin da katako an ɗaure. Gaskiya ce, ban musa ba. Amma katakon da ya samo bai yi kala da na jirgin ba, sai ya nemo wani. Aka shafa mai, aka jira ya bushe. Sannan ya ce murfin na buƙatar sakata. Ganyen itatuwa ya fara canza launi a bakin hanya, ina gani ta tagar mota.

Wata rana muna dawowa mu biyu na ce, "Malam, yarinyar nan fa ta fara haɗa akwati."

Can ya ce, "Na je na ga tafkin nan, Hajiya. Ruwan ba ya tafiya ko'ina. An kewaye shi, an sa masa lokacin buɗewa da na rufewa." Ya gyara hularsa. "Kuma ƙafata ba kamar da ba. In na hau na yi tangal-tangal a gabanta fa?"

Na yi tunanin zan samu abin da zan gaya masa, in na ba shi lokaci.

Auta ta tafi da safe, muka raka ta filin jirgin sama. Ta rungume shi ta ce ya aiko mata hoton sakatar in ya gama.

Bayan tafiyarta ba da daɗewa ba Malam ya ce in shirya. Alhaji ya ja mu da motarsa har bakin tafki, ya ƙi hawa, ya ce shi yana da iyali. Sanyi ya fara, jiragen mutane ƙalilan ne. Muna barin gaɓa Malam ya tashi daga kujerar tuƙi. Hannu ɗaya a kan sitiyari, ya ware ƙafafu, wani jirgi ya wuce ya turo mana igiya, ko gezau bai yi ba. Yana nuna mini inda ruwa ke da zurfi ta launinsa, da inda kifi ke kwana. Muryarsa ma ta canza. Na juya hagu da sauri zan ce wa Auta, kin gani? Sai kujera ba kowa.

Na ɗauki bidiyo da wayata, iska ta cinye maganarsa duka. Na aika mata. Da ta tashi daga aiki ta kira, ta ce Baba ya yi kyau, ta tambaya ko firigon na sanyi. Na ce yana yi. Ta ce hutunta sai tsakiyar hunturu. Lokacin jirgin na can cikin ciyawa, an lulluɓe shi da tamfol. Na ce Allah ya kai mu, ta ce amin.