Yaya Ilu Ya Je Gaisuwar Mutanen Dutse

Duk wanda ya zauna tsakanin Gaithersburg da Sterling, a nan Amurka, ya san Yaya Ilu, Allah ya jiƙansa, ba ya wuce gaisuwar mutuwa. Biki sai an roƙe shi, suna sai ya aika a ce yana gaisuwa, amma a ce wane ya rasu, kafin a gama wanka ya riga ya zauna a falo. Ni Asabe ƙanwarsa ce ciki ɗaya, ni na riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, don haka a wurina za ku ji na gaskiya.

Wata Asabar za mu ɗaurin aure Sterling, na sha gwaggwaro har yana taɓa rufin mota, sai ga jerin motoci da fitilu a kunne da rana tsaka. Kawai Yaya ya karya kan mota ya bi su.

Na ce, "Yaya, ba nan ce hanya ba!"

Ya ce, "Gawa ce a gaba, Asabe."

"Gawar wa?"

"In mun isa ma ji."

Ashe mutanen Koriya ne! Ya shiga layi da babbar rigarsa yana ba kowa hannu, suna rusuna masa yana rusuna musu. Muka isa ɗaurin aure ana naɗe kujeru. Da na fara faɗa sai ya ce, "Ango da amarya suna nan, gobe ma a same su."

To, irin wannan mutum ne ya ga wani shiri a talabijin, bayan ya yi ritaya daga aikin binciken irin shuka a Beltsville. Labarin waɗansu mutane ne a kudancin Faransa, shekaru aru-aru da suka wuce, ana ce musu Kathar. Suna da nasu addinin daban da na sarki. Manyansu ba sa cin nama, ba sa rantsuwa, ba sa kisa. Aka yi ta farautarsu har suka fake a wata ganuwa a ƙwanƙolin dutse, Monsegur. Da aka ci su da yaƙi aka ce su bar addininsu ko su shiga wuta, suka zaɓi wuta. Da shirin ya ƙare sai Yaya ya juyo ya tambaye ni, "Wa ya yi musu gaisuwa?"

Na ce, "Ni na sani?"

Ba a yi wata ba ya sa sunansa cikin wani ayarin Turawa masu zuwa ziyara da halwa a wuraren mutanen nan. Abokansa na masallaci suka taso masa, ko Alhaji zai canja sheƙa ne da tsufansa? Ya ce, "Nawa addinin ya ishe ni. Gaisuwa za ni."

Matsalar ita ce zuciyarsa, don an riga an sa masa batir a ƙirji. 'Yarsa Dokta Hauwa ta hana, ta yi kuka, ta yi Turanci, bai ji ba. A ƙarshe ta ce ya je, amma da sharaɗi biyu: da ni za a tafi, kuma ba zai hau dutsen ba. Ta riƙe hannuna a filin jirgi ta ce, "Gwaggo, ki dawo min da Babana." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Kai, Turawan nan! Wai don koyi da mutanen dā, babu nama, babu ƙwai, sai dafaffen ganye da wake. Kuma aka ware rana guda ta shiru, ba mai cewa uffan. Ni Asabe! Na daure har azahar, bakina kamar an ɗinke. Da aka kawo abinci na dube shi, wanda ko akuya sai an lallashe ta, sai na zaro ƙullin yajina. Yaya yana ta harara ta, na ɗauke kai. Wani dogon Bature da ke kusa da ni ya miƙo farantinsa, na barbaɗa masa da hannun kyauta. Loma ɗaya ya miƙe tsaye yana ihun a kawo ruwa. Ku shaida, ba ni na karya halwar ba.

Washegari muka isa ƙauyen da ke gindin dutsen. Yaya ya ga wata tsohuwa mai sayar da burodi, ya kira tafintan ayarin, ya gyara riga, ya russuna.

"Ce mata ya haƙuri. Ce mata ya ƙarin haƙuri. Ashe abin da ya faru ke nan."

Matar ta dafe ƙirji, ta ruga ciki da gudu, sai ga ta ta jawo mijinta da kumfar aski a fuska, tana shafa shi ta tabbatar yana da rai. Da aka yi mata bayanin mutuwar da ake nufi, ta ce ai su baƙi ne, iyayenta daga wata ƙasa suka zo.

Yaya ya ce, "Ba komai. Maƙwabci ma ana yi masa gaisuwa."

Na zaci za ta yi dariya. Sai ta tsaya tana dubansa, ta ce tun tana yarinya baƙi ke zuwa ɗaukar hoto, ba wanda ya taɓa ce mata haka. Ta naɗe burodi mai zafi ta danƙa masa da hannu biyu.

Daga nan muka je filin da aka ƙone su. Ciyawa ce kore shar, da wani dutsen tunawa. Na ɗaga kai na hangi ganuwar can sama, gajimare yana shafar ta. Na juyo, Yaya ya kama hanyar hawa da sandarsa.

Na sha gabansa. "Yaya, ka yi wa Hauwa alkawari!"

"Ke kika yi mata. Ni shiru na yi."

"Me za ka gani a sama? Kango ne!"

Ya ce, "Ba hawan nake so ba, Asabe. Saukowar nake so."

Na san Yaya, in na tare shi zai zagaye ni ne ya tafi shi kaɗai. Na ɗaura ɗamara da mayafina, na rataya jakar magungunansa, na bi shi. Ya yi taku kaɗan ya zauna, leɓɓansa sun yi fari, ina karanto duk addu'ar da na iya. Turawan da suka wuce mu suka dawo suka same mu a hanya. Da muka kai sama, duwatsu ne jere har ƙarshen gani, iska tana kuka a tagogin kangon. Bai ko zauna sosai ba ya ce mu juya.

A saukowar ne na gane. Tafintan ya gaya mana an ba mutanen nan 'yan kwanaki su yi shawara, kuma a cikin kwanakin nan waɗansu da za a bari su tafi gida suka ce a haɗa da su cikin masu shiga wutar. Mun zo wata kwana sai Yaya ya tsaya, ya nuna ƙasa da sanda. Ga filin nan a sarari.

Ya ce a hankali, "Tun daga nan suna ganin itacen da za a ƙone su da shi, Asabe. Da mata a ciki, da tsofaffi irinmu. Kuma kalma ɗaya ta ishe su tsira."

Na riƙe hannunsa, muka sauka a hankali har ƙasa.

Na dawo wa Hauwa da Babanta a kan ƙafafunsa. Ta ji komai daga bakina, ta yi fushi da ni har sai da ta auna shi ta ga batir yana aiki. Ya ƙara shekara guda a duniya, ya rasu a kan gadonsa da kalmar shahada.

Allah ka jiƙan Iliyasu ɗan Inna. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka tsare shi daga wuta. Mu da muka rage, ka ba mu tsayuwa a kan imani har ranar da namu kiran zai zo. Amin.