Ranar da Ma'azu Ya Daina Zama Ba'amurke

Ma'azu jikan yayata ne, don haka tun yana tsumman goyo nake ce masa angona, shi kuma da ya yi baki ya raɗa mini tsohuwa mai ran ƙarfe. A Fagge aka haife shi, tela ɗan tela, amma tun yana saurayi zuciyarsa ta ƙaura Amurka ta bar gangar jiki a kan keken ɗinki. Lokacin yaƙin Tekun Fasha duk unguwa tana bayan Iraƙi, shi kaɗai yake kare Amurkawa har aka kusa fasa masa baki. Sau huɗu yana cika takardar cacar biza, ko wasiƙar ban haƙuri ba su aiko masa ba. Da majalisarsu ta tasa shugaban ƙasarsu a gaba kan zancen wata yarinya, Ma'azu ya rame kamar kawunsa ake wa shari'a.

Ni na kawo shi Guangzhou ta ƙasar China, inda nake sarin tufafi, a 1998, saboda idona ya fara gajiya da duba ɗinki. Masaukinmu yana Sanyuanli, sari kuma a Shisanhang, layin 'yan tufafi. A lokacin baƙar fata ba ta da yawa a garin. Ka ce wa mai kanti Najeriya, ya yi ta kallonka kamar ka ambaci sunan aljani. Ka ce Amurka, sai a jawo maka kujera, a zuba shayi, a fito da kayan ƙarƙashin kanta. A mako guda Ma'azu ya gane haka. Ya sayi hular hana-salla, ya koyi magana ta hanci, ya riƙa barin koren fasfonsa ƙarƙashin katifa kada ya tona masa asiri. Duk layin suka san shi da Ba'amurke.

Na ce, "Angona, Amurkar Fagge ko ta Kurna?"

Ya ce, "Tsohuwa, sha shayinki, albarkacina kike ci."

Na kuwa sha.

A watan Mayun 1999 Amurka da ƙawayenta suna ruwan bama-bamai a Yugoslabiya, sai suka sami ofishin jakadancin China na can, mutum uku suka mutu. Amurka ta ce kuskure ne. A China ban ga wanda ya yarda ba. Mu ba mu ma san an yi ba, don rediyon Ma'azu ba ta kama komai a masauki, talabijin kuwa yarensu take yi. Ran Lahadi da hantsi muka fita kasuwa, shi sanye da riga mai tutar Amurka a ƙirji, faɗin faranti.

Mai tasi ya yi ta kallonsa ta madubi, ya sauke mu tun ba mu iso ba. Muka taka zuwa kantin matar da muke saye a wurinta, wadda muke kira Laoban, wato uwar kanti. Ta ga rigar, fuskarta ta canza. Ba kujera, ba gaisuwa.

Sannan muka ji ƙarar. Da farko kamar ruwan sama kan kwano, sai ta zama muryoyi. Ashe ƙaramin ofishin jakadancin Amurka yana wani tsibiri kusa da kasuwar, can jama'a suka nufa. Ɗalibai ne cike da titi, ɗauke da hotunan mamatan, wasu na kuka. Kantuna suka fara jan ƙofa. Maƙwabcin Laoban, wanda jiya-jiya yake wa Ma'azu dariya har da dafa kafaɗa, ya fito ya nuna shi da yatsa yana ihu.

Samari kusan ashirin suka ɓalle daga taron suka yo kanmu. Ɗaya riƙe da kwalba, ɗaya da gutsuren bulo.

Ma'azu ya ce, "Hajiya." Ban taɓa jin ya kira ni haka ba.

Na ce, "Ina fasfonka?"

"Yana ƙarƙashin katifa."

Na zaro nawa ina ɗagawa, suka ture hannuna, ba ni suke nema ba. Ma'azu na ta faɗin Najeriya, Afirka, hancin nan duk ya buɗe. Maƙwabcin ya ce masa cikin guntun Turanci, ai da bakinka ka faɗa. Ya juya ya tambayi masu kantunan, kowa ya gyaɗa kai. Shekara guda yana tara wa kansa shaidu. Wani ya cafki wuyan rigar ya fizga, ta yage har ciki. Na ga mai bulon ya ɗaga hannu. Na yi salati, ina tunanin da wane baki zan gaya wa yayata.

Laoban ce ta kurma ihu. 'Yar mitsitsiyar mace, ta janyo dilar kayanmu da ta ɗinke za a kai tashar jirgin ruwa ta Huangpu, ta mirgino ta tsakaninsu da shi. A jikin dilar, da hannunta ta rubuta da baƙin alƙalami kamar yadda take yi wa kowace dila tamu: sunan Ma'azu, Legas, Kano, Najeriya. Tana dukan rubutun da tafi tana zazzaga musu masifa. Wani mai tabarau ya durƙusa ya karanta, ya ɗago ya tambaye ta.

Ta ce, "Amurka meyo!" Wato babu.

Ashe duk tsawon lokacin nan ta sani, kallonsa kawai take yi.

Suka yi cirko-cirko. Mai bulon bai sauke hannu da wuri ba. Daga ƙarshe suka tuɓe masa ragowar rigar, suka cinna mata wuta a bakin kanti, suka koma cikin taro.

Tasi shida suka wuce mu kafin na bakwai ya tsaya. Na lulluɓe shi da gyalena, ya riƙe wuyan hannuna har Sanyuanli, sai da shatin yatsunsa ya kwana uku a fatata. Kwana biyar bai leƙa ko baranda ba, ya bi jirgin farko zuwa gida, bai sake dawowa ba.

Yanzu yana da rumfa a Kantin Kwari, da mata da ɗiya. Har yau in ya ji ihun taro, ko na 'yan kallon ƙwallo ne, sai ya miƙe ya nemi ƙofar baya.