Laure Mai Amshi

A unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi, babu wanda bai san Inna Laure mai masa ba. Ita ce gajeruwar tsohuwar nan da ke zama a ƙofar gidan mijinta, marigayi Malam Abdussamadu, tanda a gabanta, tana juya masa tana korar kaji da ƙafa. Maganarta ba ta wuce "lahiya lau" da "miƙo kwanonka". In ka ce wa mutanen unguwa wannan matar ta taɓa rera waƙa har maƙwabta suka bar tuwo yana ƙonewa suna leƙe ta kan katanga, dariya za su yi maka su ce ka sake wani labarin.

To, ta taɓa yi. A Argungu aka haife ta. Mutumin Argungu kuwa ba shi da sakat, duk inda ya sa ƙafa sai an tambaye shi ina kifi, kamar kowa a garin da homar kamun kifi aka haife shi. Gidan su Laure ba masunta ba ne. Matan gidan gumi suke yi: a jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a turara ta, a shanya a tsakar gida, in ta sha iska a zuba a turmi a cashe. Su biyu ne 'yan mata a ɗakinsu, ita da yayarta Zuhura, turminsu ɗaya, taɓarya kowa da tata.

Zuhura doguwa ce mai baki, irin waɗanda ko gaisuwa suka yi sai an yi dariya. Ita ke ba da waƙa, Laure na amsawa. Haka ma dakan yake: taɓaryar Zuhura ta sauka, ta Laure ta biyo, wannan na tashi waccan na faɗawa, ba ta taɓa karo da 'yar'uwarta. In luguden ya yi daɗi Zuhura ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta jefo baiti, Laure kuma ta tare shi da amshinta:

"Ayye, gulbi shina tahiya, mu muna nan."

Ba ta taɓa sha'awar ba da waƙa ba. Amshin ya ishe ta, kuma a lokacin ta ɗauka haka duniya za ta ci gaba da tafiya.

Aure ne ya kawo ta Birnin Kebbi, kuma tana so aka yi. A faɗi gaskiya ko don mamaci: Malam bai taɓa hana ta waƙa ba, ko da wasa. Sai dai gidan karatu ne. Da safe abin da ke tashi a gidan sautin tilawa ne, daga zaure har ɗakin surukarta, sai amarya ta ji nauyin buɗe baki ta ce "ayye". Ta ce bari ta saba tukuna. Kafin ta saba ciki ya zo, kafin ta yaye wani ya zo. Ana nan injin casa ya cika gari, har Argungun ma mata suka jingine taɓare. Turmin da aka kawo ta da shi ya koma na dakan yaji, daga baya ya koma kujerar mai wanke-wanke.

Zumunci bai yanke ba. Biki da ta'aziyya suna haɗa su, su zauna su yi hirar 'ya'ya da ciwon gwiwa. Amma wa zai fito da turmi a gidan makoki? Haka shekaru suka yi ta shuɗewa, Malam ya rasu, yara suka watse gidajensu, ya rage daga ita sai autarta Rauda, wadda ke aikin ofis.

Raudan ce ta shigo da zancen sabuwar shekara. Ranar ɗaya ga Janairu ta fito da wani takalmin roba sabo fil, ta ce ta ɗauki ƙuduri: kullum za ta taka da ƙafa kafin ta tafi aiki, kuma ta bar shan sukari.

"Bara ma haka kic ce," in ji Laure. "Takalmin baran shina ƙarƙashin gado, gizo-gizo ya yi gida ciki. Mu dai tamu shekara sai watan cika-ciki."

"Inna, ke ma ki ɗau naki mana. Ba abin da kike so ki riƙa yi?"

"Ina son ki ɗauke min ƙullun ga daga rana."

A makon nan aka bugo waya daga Argungu. Zuhura ba lafiya, ƙirji ne, numfashi yana yi mata wuya, ko ƙofar gida ba ta kaiwa. Aka kara wa Zuhura wayar a kunne. Muryar da a da ake ji daga bakin gulbi ta zama 'yar siririya, tana faɗin kalma tana hutawa. Da aka kashe wayar Laure ta zauna a bakin murhu. Sai ta ji tana son waƙarsu, irin son da mai azumi ke yi wa ruwa. Ta buɗe baki a hankali, amshi ya fito sumul kamar jiya ta ajiye shi. Ta nemi baitin da ke zuwa kafinsa, babu. Ta nemi wani, babu. Ashe duk shekarun nan rabin waƙa take riƙe da shi, ɗaya rabin yana bakin Zuhura, Zuhura kuwa ga halin da take ciki. Tsoro ya kama ta sosai, don ta ga in yayarta ta tafi da baitukan nan, ita za a bari tana amsa wa iska.

Ba ta jira watan cika-cikin ba. Washegari ta ce wa Rauda, "Ni ma na ɗau nawa." Kullum in masa ta ƙare da hantsi za ta casa 'yar shanshera a turmi, tana yi tana waƙa, har hannu ya tuna, murya ta washe, baitukan su dawo. Waɗanda suka ƙi dawowa ta je Argungu ta karɓo su daga bakin mai su. Ba za ta je gaban Zuhura da muryar da ta yi tsatsa ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Aka wanke turmi, aka sayo taɓarya a kasuwa. Ranar farko maƙwabta suka yi ta aiko da tambaya ko injin unguwa ne ya lalace. Wata har ta ce a kawo shinkafar ta haɗa da tata a kai wani injin. Laure ta ce ta gode, motsa jini take yi, suka tafi suna cewa tsufa ya fara taɓa Inna.

Rauda ce ta fara lura da abin. Tana tsaye da jakar aiki a kafaɗa ta ce, "Inna, don mi kike tsayawa? Ki buga, ki yi shiru, ki buga. Kamar mai jiran wani."

Laure ta saurari kanta, ta ji haka ne. Taɓarya ta sauka, sai hannunta ya rataye a sama ya bar gurbi, daidai inda ta Zuhura za ta faɗa, sannan ya sake sauka. Shi ya sa 'yar shinkafar da ba ta taka kara ta karya ba take cinye mata hantsi guda. Ta yi ƙoƙarin toshe gurbin, hannu ya ƙi. Ran Asabar Rauda ta aro taɓarya don ta taya ta. Bugu na farko taɓare suka yi karo, shinkafa ta watse, kaji suka yi biki. Suka yi dariya har da hawaye, amma hawayen Laure bai tsaya tare da dariyar ba.

Baitukan dai ba su dawo ba. Takan ji ƙamshinsu, ta tuna akwai wani mai maganar kwalekwale, akwai na wata mata mai rowar gishiri, amma kalmomin sun ƙi zama. Shirun da ke gaban amshin kuma ya dame ta. Sai ta fara cusa abin da ya zo bakinta, don dai kada wurin ya zauna wayam, kamar yadda ake yi wa zane faci kafin a sami sabo. Ta sa mai keke napep da ke tashin unguwa da hon. Ta sa takalmin Rauda, wanda tuni ya bi na bara. Wata safiya aka kawo wuta aka ɗauke kafin ta sauke taɓarya, sai ta ji bakinta ya ce:

"Wuta ta leƙo tag gaishe mu tak koma, ko ruwa ba ta sha ba."

Ta amsa wa kanta, ta waiga ko wani ya ji. Kunyar baitukan nan take ji. Nata ne, na mai masa, ba su kama ƙafar na Zuhura ba. Duk da haka ko rana ɗaya ba ta fasa ba, ko ranar da kafaɗa ke ciwo.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, tana ta cewa saura kaɗan murya ta daidaita. Gaskiyar magana tsoron ganin yayarta a kwance take yi. Rannan Rauda ta gaji ta ce, "Inna, waƙa tana jira, numfashi ba shi jira." Laure ta harare ta, ta ce yaran yanzu ba su da ta-ido. Washegari ta jiƙa shinkafar masar gobe, ta ce da la'asar za ta dawo, ta hau mashin zuwa tasha.

Mota ta wuce Ambursa, fadama kore shar da shinkafar rani, injinan ban-ruwa na ta ƙugi. Ba ta ga komai sosai ba, tana ta jera tambayoyinta a zuci.

Ta sami Zuhura a ƙofar ɗaki, an jingina ta da matashi a kan tabarma. Doguwar nan ta ƙanƙance, idon ne kawai bai sake ba.

"Laure, sai yau? Na ce ko sai an aiko maki da goron mutuwata."

"Haba Yaya, bar hwaɗin haka. Ya jiki?"

"Jiki na mai shi na. Zamna."

Aka kawo ruwa, aka gaisa da mutanen gida. Da wuri ya yi shiru Laure ta matso, ta ce wurinta ta zo, baitukan waƙarsu ta daka take so ta ba ta. Ta faɗa mata duk yadda ta yi ta nema tun farkon shekara, na kwalekwale, na mai rowar gishiri, ko ɗaya bai dawo ba.

Zuhura ta dube ta, sai ta fashe da dariya. Dariyar ta zama tari, aka riƙe ta, aka shafa mata baya. Da numfashi ya dawo ta ce, "Waɗanne baituka? Ke kin aza ajiye nike da su cikin tukunya?"

"Waɗanda kike ba ni in amsa."

"Laure, abin da idona yag gani shi nika hwaɗi. Akuya ta shigo, in sa ta. Innarmu ta yi hwaɗa, in sa ta. Ba su kai la'asar sun tahi, gobe in nemi wasu. Naki na ba shi sakewa. In na rasa ta cewa, amshinki nika jingina da shi har wata ta taho."

Haushi ya kama Laure, baƙin ciki ya biyo baya. Watanni tana haƙa inda ba a binne komai ba. Safiyoyin nan da take begen su dawo, ashe ko mai su ba ta riƙe su ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"To ke," in ji Zuhura, "da kike daka ke ɗai, mi kike sawa gurbin?"

"Shirme na, Yaya. Ba abin ji ba na."

"A hiddo mata turmi."

Aka fito da turmi daga bayan rumbu, aka kakkaɓe shi, aka zuba shanshera. Laure ta ɗaure zane ta kama taɓarya. Ta buga, ta bar gurbi, ta buga. Sannan ta rufe ido ta saki na wutar da ta leƙo ta koma. Matan gidan suka kwashe da dariya. Daga tabarma murya ta taso, siririya, ta ɗauki amshin. Numfashi ya yanke mata a tsakiya, Laure ta tsaya da taɓarya a sama, ba ta ƙarasa mata ba har ta ƙarasa da kanta. Tun da take, yau ne ta fara jin amshinta a bakin wani.

Suka yi na mai keke, suka yi na takalmi, Zuhura ta ɗaga hannu alamar ta gaji.

"Ba laihi," ta ce, ido a lumshe. "Amma waɗanga sun kwan biyu, na ji warin ajiya. Gobe da hantsi ki ba ni sabuwa."

La'asar ta yi, motocin Birnin Kebbi na lodi a tasha. Laure ta sa aka kira mata Rauda, ta ce ta raba wa maƙwabta shinkafar da ta jiƙa kada ta lalace, ta kife tanda.

"Inna, yaushe za ki dawo?"

"Ban sani ba. Kak ki tambaye ni."

Ta miƙa wayar, ta zauna a gefen turmi tana duba tsakar gidan, tana neman abin da za ta sa a waƙar gobe. Duk inda ta kai ido sai ya dawo kan yayarta, kan ƙafafun da suka kumbura da ƙirjin da ke hawa da sauka da ƙyar. Ta share fuska da mayafi, ta juya baya, ta shiga neman akuya.