Layar da Ba Rubutu a Ciki

Kawu Tanko shi kaɗai ne namiji a ɗakin kakarmu Inna Halima. Mata huɗu ta jera kafin ya zo, a unguwar masunta ta Madarumfa, bakin tabki, shi ya sa aka sa masa Tanko, shi ya sa kuma ba ta taɓa yarda ya shiga kwalekwale shi kaɗai ba. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a sana'ar su. Inna ta ce lakwal zai tafi, makarantar boko, aka yi ta ja har ta ci. Ya gama firamare a 1964, ya iya karatu da lissafi da Faransanci daidai na amfani. Daga nan ya koyi walda a Maraɗi, a wani gareji da ke gyaran kamyo, manyan motocin ɗaukar gyaɗa, ya yi shekara tara yana ɗinke ƙarfe.

Da farin 1973 ya zo, ruwan tabki ya ja baya, gyaɗa ta ƙi, kamyon suka tsaya, garejin ya sallami mutane. Sai Tanko ya bi ayarin masu neman aiki zuwa Arlit, inda ake ta kafa tankuna da bututai. Can ya faɗa hannun wani ƙaramin kamfani wanda ba walda yake yi ba, duba waldar wasu yake yi. Shugaban aikin wani Bafaranshe ne mai furfura, da agogon ƙidayar sakan rataye a wuya, ma'aikata suna kiransa Mai Agogo, a gabansa kuwa shef, wato shugaba. Ya ba Tanko takarda da lambobi ya ce ya haɗa. Ya haɗa. Washegari ya fara aiki.

Aikin shi ne ɗaukar hoton cikin ƙarfe. Walda tana iya yin kyau a ido alhali cikinta akwai tsaga ko rami, ranar da aka cika tanki sai ta buɗe. Don a gani, suna da wata ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba, tana zaune cikin tukunya mai nauyi da mutum ɗaya ba ya ɗauka cikin daɗi. Ƙwayar tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, fata ba ta ji, amma yana ratsa ƙarfe, yana ratsa mutum, in ya yi yawa ya ƙone jini da nama. Sai a ɗaura fim a bayan waldar, a ja da baya iya tsawon wayar da ke jone da tukunyar, a juya hannun da ke bakin wayar ƙwayar ta fito ta cikin tiyo, a ƙirga lokaci, a juya ta koma. Da tsakar rana suke yi, lokacin da masu walda suka watse cin abinci.

Wata shida Tanko bai taɓa hannun juyawa ba. Igiya yake ja yana kewaye wurin, yana rataya jan ƙyalle, yana korar duk wanda ya matso. Mai Agogo yana zaunar da su ƙarƙashin rumfar kwano kowace safiya, shi da abokin aikinsa Salisu, mutumin Gabi, ya maimaita musu abu uku har suka gaji da ji: ka yi nisa, kada ka daɗe, ka sa dalma ko kankare tsakaninka da ita. Ya koya musu kada su yarda ƙwaya ta koma gida don hannu ya tsaya, sai an je da akwatin awo an ji ya yi shiru.

Kowannensu kuma yana da ɗan fim da yake maƙalawa a ƙirji. Ɗan ƙarami ne, kamar akwatin ashana da aka danne, naɗe cikin takarda mai kauri da hasken rana ba ya shiga, da lambar mai shi a kai. Ƙarshen wata ake tattarawa a aika Faransa ta jirgi, a wanke, a ga yawan hasken da ya taɓa mutum. Dokarsa ɗaya ce: in an tashi aiki a rataye shi a ƙusarsa jikin allon ofis, ba ya fita daga wurin. Tanko lamba bakwai ne.

Shekara biyu da fara aiki, Mai Agogo ya sa sunansa cikin waɗanda za su zauna jarrabawa. Sau ɗaya a shekara mai jarrabawar ke zuwa daga Faransa. Wanda ya ci ake ba takardar shaida, ya zama shi ke riƙe makullin tukunya, shi ke sa hannu a kan hoto. Wanda bai da ita, ko ya shekara ashirin, mai jan igiya ne. Tanko ya sa ransa a kan takardar nan fiye da komai. Littafin lissafin nisa da lokaci har ya yi baƙi a aljihunsa.

Kafin jarrabawar da wata biyu ya samu hutun sati uku na Babbar Sallah. Ranar tafiya Mai Agogo yana Agadas. Tanko ya tsaya gaban allo, ya dubi fim ɗinsa, ya tuna yadda a gida duk lokacin da ya yi bayanin aikinsa sai a ce, to, kai dai walda kake yi. Ya cire shi daga ƙusa ya sa a aljihu. Niyyarsa ya nuna, ya dawo da shi kafin a tattara.

A Madarumfa ya nuna kuwa. Ya maƙala shi a kan rigar Sallah. Inna Halima ta sa shi gaba tana tambaya.

"Wanga abu mi yake yi maka?"

"Saboda wutar nan ne, Inna, wadda ba a gani."

"Wutar da ba a gani. Kuma Nasara da kansa ya ce kada ka shiga aiki sai da shi?"

"Ko taki ɗaya."

Ta juya shi a tafin hannunta, ta shafa takardar, ta yi tsaki. "Abin da ke tsare ran mutum a bar shi cikin takarda. Zufa kaɗai ta ishe shi."

Ya yi dariya bai ƙara bayani ba, don baƙi sun shigo. Ranar Jumma'a ya canza riga ya tafi masallaci, daga can ya wuce gaishe-gaishe garin Sarkin Yamma, ya kwana biyu. Da ya dawo Inna ta miƙo masa abu ɗinke cikin jar fata, da igiyar wuya, ɗinki mai kyau irin na Garba baduku da ke zama bakin kasuwa.

"Ga ta nan, yanzu ta zama abin ratayawa. Garba ya ce layar Nasara ba rubutu a ciki, shi ya sa na karɓo ta Malam aka haɗa su kube ɗaya."

Tanko ya yi godiya, ya rataya don ta ji daɗi. A hanyar komawa, cikin kamyo, ya sa reza ya farke ɗinkin, ya zaro fim ɗin. Bakin takardar ya ɗan manne masa a yatsa. Ya goge a wando. Layar Malam da kuben ya jefa cikin jaka. Ya iso ya rataye lamba bakwai a ƙusarta, ba wanda ya ce masa komai, ya yi sauran kwanakin watan da ita a ƙirji.

Sakamakon ya dawo saura kwana goma sha biyu jarrabawa. Mai Agogo ya kira shi ofis tare da Salisu, ya ajiye takarda a tebur. Fim ɗin kowa lafiya lau, ban da lamba bakwai. Nata ya yi baƙi ƙirin, ya wuce abin da za a iya aunawa. Masu wankin sun rubuta cewa in ba a samu wani dalili ba, a ɗauka mai shi ya sha haske mai yawan gaske, a cire shi daga aikin nan take.

Mai Agogo bai yi faɗa ba. Ya kama hannayen Tanko ya duba yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi ko ya yi amai, ko gashi na zuba. Ya tura shi likita a ɗebi jini. Ya kulle tukunyar ya ce ba mai taɓa ta sai an gano ta ina take yoyo. Ya ce da Tanko kada ya damu, ba laifinsa ba ne, za a ba shi aiki a sito, albashinsa ba zai ragu ba, sai dai shi da ƙwaya har abada, jarrabawa kuwa babu ita.

Da suka fito Salisu ya ce, "Ɗan masunta, kullum muna tare kamar awaki a turke ɗaya. Yaya wuta ta ci ka ta bar ni? Ko ta fi son mai ƙarnin kifi?"

"Ka bar wasa, Salisu."

"Ba wasa nake ba. In tukunyar ce, ni ma na sha, nawa fim ɗin ne dai ya yi barci."

Kwana uku Tanko yana zaune a sito yana ƙirga sandunan walda. Shi ma ya tsorata, yana ta duba tafin hannunsa. Ya san ya fita da fim, amma bai ga yadda fata da zare za su baƙanta shi ba. Rana ta uku yana neman sabulu a jaka sai hannunsa ya faɗa kan jan kuben. Ya riƙe shi, maganar Inna ta dawo masa: Garba ya ce ba rubutu a ciki. Ta ina Garba ya san ba rubutu a ciki? Ya shinshina bakin kuben, ya ga busasshen ƙaro a gefe. Baduku ba ya ɗinke laya bai san abin da yake ɗinkewa ba. Ya buɗe takardar ne, a bakin kasuwa, da rana tsaka, ya ɗaga ya duba, ya mayar ya liƙe.

Ya gaya wa Salisu tukuna. Salisu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya daina.

"To, yanzu fa? In ka yi shiru kai ne abin tausayi, sito da inuwa. In ka faɗa, kai ne ka saci fim. Mutumin nan ya kori Buzu mai gadi kan ya tsallake igiya kawai."

"In na yi shiru takarda ta tafi ke nan."

"In ka faɗa ma tana iya tafiya, ta tafi da kai."

"Tana iyawa. Amma ita kaɗai ce hanyar da ke da ƙofa. Ga kuma tukunya an kulle ba laifinta."

Ya shiga ofis ya ajiye kuben a tebur, ya ba da labari tun daga ƙusa har reza, bai rage komai ba. Mai Agogo ya ɗauki fatar yana juyawa. Ya tambayi mene ne baduku, aka gaya masa. Ya tambayi abin da ake sawa a laya, aka gaya masa. Sai ya jawo sabon fim daga aljihun tebur, ya fita bakin ƙofa, ya buɗe shi a rana, ya danna agogonsa sakan goma, ya kai ɗakin wankin fim. Ya fito da shi baƙi ƙirin. Ya sake zagaye tukunyar da akwatin awo, bai ji komai ba. Sakamakon jini ya zo lafiya, aka maimaita bayan sati, lafiya.

Sannan ya zaunar da Tanko.

"Mahaifiyarka ta ɗauka abin nan yana tsare ka. Ita ba ta yi karatu a rumfata ba. Kai mi ka ce mata da ta tambaye ka?"

"Na ce saboda wutar ne."

"Yana tsare ka?"

"A'a, shef. Ba ya tsare kowa. Faɗa kawai yake yi, bayan abin ya riga ya faru."

"To, watan nan ba wanda zai taɓa sanin abin da ka sha. Ni ban sani ba, kai ba ka sani ba. Ka rufe bakin mai ba da shaida."

Bai kore shi ba. Ya ɗauki alƙalami ya soke sunansa daga jerin bana, ya mayar da shi jan igiya. Salisu ya zauna jarrabawar ya ci, ya karɓi makulli, ya shekara yana kiran Tanko "mai laya, matsar da jan ƙyallen can". Tanko ya matsar. Mai Agogo ya ƙara masa aiki ɗaya: duk sabon ma'aikaci da aka ɗauka, shi zai yi masa bayanin fim ɗin da Hausa kafin a maƙala masa. A nan ne aka gano ba Inna Halima kaɗai ba ce. Cikin leburorin akwai wanda ya yarda in yana da fim a ƙirji zai iya shiga cikin igiya lafiya, akwai wanda ya taɓa ara wa ƙaninsa nasa.

Shekara ta zagayo, a 1976, ya zauna jarrabawar, rubutu da safe, aiki da rana. Ya ci. Ya riƙe makullin tukunya shekara goma sha ɗaya, yatsunsa goma cif, kafin ya dawo Madarumfa ya kama lambun albasa bakin tabki.

Da ya kawo takardar gida ya zauna ya yi wa Inna bayanin da bai yi ba da farko, dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce in abin Nasara shaida kawai yake yi, to, ashe ɗanta ya shekara uku gaban wuta ba komai a wuyansa. Ta karɓi layar Malam ta koma wajen Garba ya yi mata sabon kube, ita kaɗai. Tanko ya rataya ta ƙarƙashin riga, fim kuma a sama inda doka ta ce. Takardar kuwa ta nemi a ba ta ta kai a ɗinke mata fata don kada ta yage. Ya ce a'a, Inna, wannan gilashi za a sa mata.

Takardar tana nan cikin gilashinta a ɗakin mahaifiyata, hatimin ya koɗe. Tsohon jan kuben da reza ta farke yana cikin gwangwanin da muke ajiye takardun haihuwa. Har yanzu in aka ɗaga shi a haske ana ganin ƙaron Garba a bakinsa.