Ranar da Kakana Ya Je Jin Yadda Sama Ta Fara

Abubuwa da yawa sun faru da ni a Gummi waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da kakana ya ɗauki sandarsa ya bi ni makaranta, ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin za ta fita daga raina.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare. A gidansa na tashi, domin mahaifina ya rasu tun ina goye, Inna ta dawo da ni gidan ubanta. Tsohon makiyayi ne, ya sha yawo da shanu a dazukan Anka da Bukkuyum, sai da gwiwa ta gaza sannan ya zauna gari, ya koma noman shinkafa a fadama da karatun addini a zaure. Shi ya sa ni boko da hannunsa, amma da sharaɗi: duk ranar da ya ji boko ya taɓa mini imani, ranar zan bar shi. Kuma kakana ba ya magana biyu.

Muna da wata malamar kimiyya, Kirista ce 'yar Filato, gajeruwa mai yawan dariya. Hausarta ta Jos muke kwaikwaya a bayan idonta. Wata rana ta shigo aji da balan-balan, ta ɗiɗɗiga masa tawada, ta hura. Muna kallo ɗige-ɗigen suna nisantar juna. Ta ce haka tarin taurari suke yi a sararin samaniya har gobe, kuma in aka bi lissafin baya, za a tarar akwai lokacin da komai yake cure wuri guda, cikin zafin da ba ya misaltuwa. Ban taɓa jin darasin da ya shige ni kamar wannan ba.

Da na koma gida na tarar Inna tana turara shinkafa. Ko hijabi ban cire ba na hau ba ta labari, ina ƙari da nawa gishirin. Har na ce, "Inna, ashe duniya fashewa ta yi da kanta!" Ban san kakana yana alwala a bayan rumbu ba. Sai na ji ƙarar ajiye buta.

"Mi kinka ce?" in ji shi.

Na raɓe bayan Inna. Ya sake tambaya, na maimaita da ƙaramar murya. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Gobe tare za mu." Da ya fita Inna ta dube ni ta ce, "Kin ga abin da bakinki ya ja miki, ga jarrabawa ta matso." Tsoro biyu nake ji: kada a cire ni, kuma kada a tozarta malamar da nake ƙauna saboda ni.

Da safe muka kama hanya, shi a gaba yana dogara sanda, ni a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Shugaban makaranta ya tare shi da girmamawa ya ce su shiga ofis. Kakana ya ce shi wurin Malama ya zo, kuma inuwar darbejiya ta ishe shi. Aka kira ta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta ɗauko masa benci da kanta, ita kuma ta zauna a kan wani dutse. Na juya zan sulale, ya ce in tsaya.

"Malama," ya ce, "an ce kin san yadda sama ta fara. Kina wurin?"

"A'a, Baba. Babu ɗan Adam da yake wurin."

"To, shaidar zur kike koya wa ɗiyanmu ke nan?"

Na saci kallon Malama. Amma ita ko a jikinta. Ta ce, "Baba, an ce mini kun yi kiwo. Idan kuka iso wuri a daji babu kowa, yaya kuke gane wasu sun sauka a nan kafin ku?"

Na ga fuskar tsoho ta ɗan saki, don an taɓo masa inda yake so. Ya ce ai wannan ba wuya. Sawu zai gaya maka yawan shanu da inda suka nufa. In kuma ka sa hannu cikin toka ka ji ɗumi, ka san masu wutar ba su yi nisa ba.

"To mu ma sawu muke bi," ta ce. Ta bayyana masa cewa masu manyan madubai na hangen nesa sun duba hasken tarin taurari, suka ga duk inda aka juya suna ƙara nisa da mu, na nesa ma sun fi gudu. Wanda ya ga garke yana watsuwa, ya san ɗazu a tare yake. Ta ce ba fashewa ba ce irin ta tukunya a kan murhu, sararin ne kansa yake buɗewa, ya kuma fi shekara biliyan goma sha uku yana yi. Sannan ta ce, "Tokar ma an same ta, Baba. Akwai wani ɗan ɗumi da ya rage daga zafin farko, ya cika ko'ina a sama. Ido ba ya ganinsa, amma na'ura tana auna shi, gabas da yamma kusan ɗaya."

Kakana ya shafa gemu. Can ya sunkuyo ya jefo tambayar da na san ita ta kawo shi. "Na ji. To wa ya hura wutar? Kafin nan mi ke akwai?"

Malama ta ce, "Baba, awonmu bai kai nan ba. Toka tana nuna an yi wuta, ba ta faɗin sunan mai hurawa. Ni a zuciyata na yi imani da Allah, haka iyayena suka raine ni. Amma ba zan ce wa yara na'ura ce ta nuna mini ba, ba kuma zan ce musu ta nuna babu Shi ba. Abin da ke gaban nan, ta hanyar ilimin da nake koyarwa, ban sani ba."

Sai kakana ya yi dariya, irin wadda nake ji in an haifi maraƙi a gida. Ya ce, "Allahu akbar! Na daɗe ban ji mai ilimi ya ce bai sani ba." Ya waiwayo gare ni. "Ke kuma, ina kinka samo 'da kanta'?" Na rufe fuska da hijabi. Malama ta ce a yi mini afuwa, ɗoki ne.

Na zaci shi ke nan zai tashi. Ina! Ya gyara zama ya ce a ci gaba. Ta ba shi labarin yadda abin ya yi ta hucewa, aka daɗe cikin duhu babu tauraro ko ɗaya, sannan iska mara nauyi ta dunƙule ta kama da wuta, taurarin farko suka haska. Ta ce a cikin taurari aka dafa ƙarfen da ke jininmu, zinariyar da ake haƙa a Bagega ma daga mutuwar taurari ta fito. Ya tambaya, "Har dalmar da ta fito tare da zinariyar ta kashe yara?" Ta ce har ita. Ya girgiza kai ya yi salati. Aka kaɗa ƙararrawar tara, 'yan ajinmu suka kewaye mu, ba wanda ya tafi sayen awara. Tsoho da carbi, malama da alli a hannu, suna hira kamar uba da 'ya.

A hanyar gida bai ce mini komai game da barin makaranta ba. Amma tun daga ranar, in na dawo, kafin in ajiye jaka zai kira ni zaure ya ce, "Yau mi ta ce?" Da aka yanke shinkafa ya aika mata da sabuwa.

Bai ga sakamakon jarrabawata ba. Zazzaɓin damina ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Malama ta zo gaisuwa da mayafi a kanta, ta zauna kusa da Inna a tabarma tana kuka kamar ita aka yi wa mutuwa. Bayan haka hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga, baƙi da yawa suka tattara suka koma garuruwansu, ita ma ta tafi. Lambar da nake da ita ta daina shiga. Yanzu ina aikin jinya a Sakkwato, duk wanda na ji ya ce daga Filato yake sai na kwatanta masa ita, har yau ban dace ba. Wani lokaci in na karanta wani sabon abu da aka gano game da sama, sai in ji kamar in ruga gida in faɗa, sannan in tuna mai tambayar ba ya nan, mai amsawar ma ban san inda take ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in magana ta tayar maka da hankali, ka taka ka je wurin mai ita ka zauna, kada ka yanke hukunci a kan abin da aka kawo maka a baki. Kuma in aka tambaye ka abin da iliminka bai kai ba, ka ce ba ka sani ba. Da wannan kalma malamata ta ceci karatuna, da ita kuma ta sami uba a garin da ba nata ba.