Mai Renon Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Ta Ajiye Aiki

Kafin kowa ya iso ɗakin bincike ta riga ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta fito da 'yan farantan da muke renon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a ciki. Ta canja musu ruwan abinci, ta leƙa su ta madubin ƙara girma, ta mayar da su cikin akwatin ɗumi. Har ranar hutu. Mu duka Yaya muke ce mata, har shugaban sashe da ya girme ta.

Abin da muke bi a ɗakin nan shi ne: kowace ƙwayar jiki tana da hanyar tattara furotin da ya lalace ta narkar da shi. In tsufa ya zo aikin yakan yi sanyi, tarkacen ya dunƙule a ƙwaƙwalwa, mutum ya fara manta sunan 'ya'yansa. Masu bincike sun zo, sun sami digiri, sun wuce. Ita tana nan.

Sai ciwon mantuwar nan ya shiga gidanta. Wata rana da azahar mai gadi ya kira mu, ga mijinta a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta fita ta riƙe masa hannu.

"Baiwar Allah, kin san matata?" ya tambaye ta.

"Na san ta, Malam. Ita ta aiko ni in kai ka gida."

Washegari ta zo aiki, idanu a kumbure. Na ce, "Yaya, ki huta mana."

Ta ce, "In na huta wa zai ciyar da ƙwayoyin? Ku dai ku yi sauri."

Ba mu iya sauri ba. Maganin da ya share tarkacen a faranti bai yi komai a jikin ɓeraye ba. Bara mijin ya rasu. Yanzu gwiwoyinta sun ƙi hawa bene, ta ajiye aiki.

Yaya, ke ce kika riƙe ɗakin nan, sunanki kuwa bai taɓa hawa kan takarda ba. Uwar marasa baki, mun gode. Allah ya hutar da gajiya.

Ku da za ku gaje ta, ku zo da wuri, ku wanke hannu. Wata mata tana can a gida tana amsa wa mijinta tambaya ɗaya tun safe, tana jiran ku.